Manyeton Kawu

Ni mutum ne mai mantuwa, duk wanda ya zauna da ni ya shaida. Na taɓa zuwa kasuwar Tasawa bisa jaki na komo gida a ƙasa, sai da matata ta tambaye ni ina jakin sannan na tuna da shi na fita. Amma akwai abu guda da ya same ni wanda ko an buɗe kaina an cuɗa shi da sabulu da soso ba zai goge ba, yana nan tare da ni har ranar da za a kai ni makwanci.

Abin da ya tado mani shi, bara na kai yarana gidan tarihi a Yamai. Muka shiga wani ɗaki inda aka jera akwatunan magana na da cikin gilashi. Ga garmaho mai baki kamar na kakaki, wanda sai an wana shi da hannu kafin ya yi kuka, ga faya-fayansa baƙaƙe masu faɗin marfin tukunya. Ina ta zuba wa yaran bayani, rabi gaskiya rabi nawa, har muka kai ƙarshen jerin. Sai ga manyeto, irin mai cin kaset ɗin nan mai mariƙi kamar jakar likita, an ɗora shi bisa jan ƙyalle kamar ango. Na ce wa mai tsaron ɗakin in dai wannan ya zama kayan tarihi, to ya buɗe gilashin ya matsa mani wuri, don na girme shi nesa ba kusa ba. Yara suka fashe da dariya. Ni ma na fara, sai na tuna da wani mai kama da shi, na daina.

Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, shekarar da damina ta yi mana alkawari ta saɓa. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama kamar mu, har ya bushe a tsaye. Ƙauyenmu yana gefen Korgom, ba nisa da iyaka. Tun kafin sanyi ya shigo mutane suka fara watsewa, gida bayan gida, a ja ƙaya a toshe ƙofa a kama hanya. Matata, lokacin tana amarya, iyayenta suka zo suka tafi da ita wajen Maijirgi, don can suna da ɗan abin taɓawa. Ni kuwa da na fi kowa cika baki cewa zan tafi Kano in komo da mota, sai kurkunu ya kama ni a ƙafar hagu. Ƙafa ta kumbura ta zama turmi. Kowace safiya in zauna ina naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma ku yarda da ni, da an miƙe ta da ta riga ni isa Kanon.

Haka aka bar garin da tsofaffi da ni. Ban san luguden mata abokin zama ba ne sai da na wayi gari ban ji shi ba. Ba carar zakara, ba kukan jaki, ba yaron da ake kira ya ƙi amsawa. Ga ni mutum mai surutu, wanda ko a wurin gaisuwar mutuwa sai an harare ni. Sai in shirya labari mai daɗi tun daga farko har ƙarshe in rasa wanda zan ba. Wani ƙadangare ne ke zuwa bisa katangata da hantsi, shi nake ba, don shi kaɗai ya rage mai gyaɗa mani kai.

Darnin kara ne ya raba gidana da na Kawu, yayan mahaifiyata. Dogo ne, siriri, maganarsa tana fita kamar ana cire ta da hantsaki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗa guda ya rage mashi, ɗansa na fari, wato taubashina. Kun san yadda mutanen da suke da ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunan yaron a bakin Kawu ba. Ba su zama tabarma ɗaya, ba su cin kwano ɗaya, in zai aike shi sai ya dubi iska ya ce a gaya wa wancan ya kai awaki rijiya, alhali wancan ɗin yana tsaye gabansa. Tun kafin farin taubashin nawa ya tafi Ikko yana gadi. Gab da za a rufe iyakar Najeriya ya aiko wani fatake mai goro da manyeto, da kaset ɗaya a cikinsa, da pil, wato batir.

Ranar da aka fara kunna shi akwai sauran mutane a gari, aka cika ƙofar gidan Kawu. Sai ga muryar taubashina tangaram, kamar yana tsugune cikin akwatin. Ya yi sallama, ya yi shiru. Ya ce, "Baba, ina kwana?" ya yi shiru. Ina gajiya, shiru. Ina gida, yaya jiki, yaya ruwa bana, ina labari, kowace tambaya sai ya bar mata ɗan fili, daidai inda mai amsa zai amsa, don yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya tattaka gaisuwa bisa gaisuwa ko da akwati yake magana. Jama'a suka riƙa amsawa baki ɗaya. Daga nan ya ce yana lafiya, ya jera mutanen da za a gaishe mashi, can ƙarshe ya ce a gaida bawansa mai bakin da ba ya rufuwa, ni ke nan, tun da a wasan taubasai ɗan mace shi ne bawa. Aka yi ta yi mani dariya, na rantse sai na rama. Kawu kuwa yana gefe yana tufkar igiya, ka ce muryar ɗan wani ce daga wani gari.

Sai bayan gari ya zama kufai na gane igiyar nan fakewa ce. Wata safiya, rana ta fara leƙowa, ina fama da tsinkena, na ji ƙas, an danna manyeto, ta bayan darni. Sai sallamar taubashina. Sai muryar Kawu, ƙasa-ƙasa, yana amsawa. Ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ya bi gaisuwar nan kaf, ya kashe. Washegari haka, jibi haka. Na so in leƙa in tsokane shi, sai na fasa.

To, pil ba ya zama yaro har abada. A hankali muryar ta fara ja, tana kauri, tana nauyi, ɗan filin da ke tsakanin tambaya da tambaya yana ƙara faɗi. Kawu bai bar filin nan ya tafi banza ba. In an ce yaya ruwa bana, sai ya faɗi yadda rijiya ta yi ƙasa har an ƙara wa guga igiya. In an ce ina gida, ya faɗi wanda ya tashi da wanda aka binne. Ya ba shi labarin saniyarsa da ta kwanta ta kasa tashi, da yadda ya zauna kusa da ita har ta cika. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ɗansa ba, ga shi yana hira da shi kowace safiya, ni kuma ina kwance bayan darni ina sata da kunne. Ba na ɓoye maku, kishi nake. Shi yana da mai tambayarsa ina kwana, ni ina da ƙadangare.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, muna ce mata Iya, ita ke dama mana kunu da jar dawar taimako da sojoji ke rabawa, a haɗa da anza, 'ya'yan wani itacen daji, wadda ta jiƙa har ɗacinta ya ragu. Ita ta dogaro sanda ta same ni, ta ce in je in duba kawuna. Ya hana ta dama rabonsa. Ya ce ta riƙa zuba mashi tsabar cikin wata tukunya, yana tarawa zai aika Ikko, ruwan jiƙon anza kawai yake kurɓa. Na ja ƙafa na zagaya. Da na gan shi cikin haske gabana ya faɗi, don wuyansa ya koma kamar na gauraka, riga tana rataye a jikinsa kamar a ƙusa.

Na fara da wasa, yadda na saba. Na ce mutumin da ke Ikko yana can yana cin shinkafa da miya har da nama, in an kai mashi jar dawa sai ya tambaya ko ta dokin wa ce. Kawu bai murmusa ba. Ya danna manyeto, muryar ta fito tana jan ciki kamar ta mai jinya. Ya ce in saurara da kyau.

"Kawu, pil ne ya yi sanyi," na ce. "Ba shi ba ne, akwatin ne ke jin yunwa."

"Kai ka san pil, ni na san muryar," in ji shi. "Haka ta uwarshi ta koma kafin ta kwanta. Yaro na can ba ya ci, ni in zauna nan ina lasar ludayi?"

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na shanya pil a rana bisa faifai kamar kuɓewa, na bubbuge su da dutse, na cije su har haƙorina ya yi tsami, na tsoma su cikin ruwan zafi. In an mayar sai muryar ta miƙe ta yi sallama da ƙarfinta, kafin a kai ina gajiya ta sake zubewa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Kawu ya ce na gani ko, yaron yana ƙoƙarin ɓoye mashi ne don kada hankalinsa ya tashi, ƙarfinsa ne bai kai ba. Tukunya tana cika, Kawu yana ƙarewa. Na tabbata in ban samo sabon pil ba, kafin a samu mai zuwa Ikko mun binne mai aiken.

Da amalanken jakin da ke zuwa Tasawa karɓo rabon garinmu zai tashi, na sa aka ɗora ni kamar buhu. Hanyar nan na san ta da hayaniya, ranar kuwa ba mu gamu da kowa ba sai ƙasusuwan shanu da garuruwan da aka toshe da ƙaya. Mai amalanken kurma ne, don haka ko a nan ban samu mai saurare ba. A Tasawa mutane sun yi sansani kewaye da magazan, wato ma'ajiyar hatsi, mata da yara zaune cikin rana da kwanoni, soja yana zagayawa da bel a hannu yana gyara layi. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka da shiru haka ba.

Pil kuwa ya zama kamar zinariya, don daga Najeriya yake shigowa, ga iyaka a rufe. Na bi butik-butik, wato kantuna, ina ɗingishi, kowa ya ce babu. Daga ƙarshe wani mai butik ya dube ni ya dubi hanya, ya ce ko da akwai, da me zan saya? Ba ni da ko sisi, sai takalman fata da na yi aure da su. Na cire na dama, na zaro na hagu daga aljihu, na ce ya duba da kyau, wannan na hagun tun da kurkunu ya kama ni bai taka ƙasa ba, sabo ne fil, na daman kuma kyauta na ba shi don kada ɗan'uwansa ya yi kewa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya laluba ƙarƙashin buhun gishiri ya miƙo mani. A bakin gari sojoji sun sa shinge suna binciken kayan sumoga. Na tura pil cikin tsumman da na ɗaure ƙafa da shi. Sojan ya sunkuyo zai duba, warin ya gaishe shi, ya ja da baya har hularsa ta karkace, ya ce mu wuce, mu wuce. Rannan kaɗai na gode wa kurkunu.

Na komo ƙafa ba takalmi ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Da safe na zagaya, na zuba sabon pil, na ce Kawu ya danna ya ji likitan da na kai wa ɗansa. Ya danna. Murya ta fito garau, da ƙuruciyarta, har da 'yar dariyar da ke ƙarƙashinta. Na ga fuskar Kawu ta saki. Na koma bayan darni don in bar mashi wuri, na kasa kunne.

Aka ce ina kwana, ya amsa. Aka ce yaya ruwa bana, ya fara cewa rijiyar nan dai, kafin ya kai ga guga an ce mashi ina labari. Ya tsaya, ya sake ɗauko wata maganar, aka sake katse shi da jerin mutanen da za a gaisar. Filin ya koma yadda yake tun asali, daidai lahiya lau, ba ya ɗaukar fiye da haka. Sai na ji ƙas, ya kashe. Da na leƙa yana zaune ya dafa gwiwa.

"Alhamdu lillahi, ya warke," in ji shi. Ya jima yana kallon akwatin. "Amma ya zama mutumin birni. Sauri yake."

Ranar ya bar Iya ta dama mashi kunu, ya kurɓi kaɗan ya ture. Washegari na jira ƙas ɗin nan ban ji ba. Jibi ma haka. Ya rufe manyeton da tsohon bargo, ya kwanta ya ba ƙofa baya. Da can yana ƙin ci don ɗansa, yanzu kuwa ba ya ƙi, ba ya kuma nema, in an miƙa ya taɓa, in ba a miƙa ba shi ke nan. Na zauna ina kallon ƙafafuna, na sayar da takalman aurena na sayo wa tsoho kaɗaici. Garin ya ƙara faɗi, shirun ya ƙara nauyi, don ashe ni ma da hirar nan ta bayan darni nake karya kumallo.

Na ɗauko akwatin na kai ɗakina, niyyata in mayar da tsofaffin pil, sai na tarar sun mutu murus, har sun fara zubar da ruwa. Ina ta tattaɓa maɓallan don rashin abin yi, sai na danna wani ƙarami a gefe wanda ba mu taɓa kula shi ba. Murya ta tsaya cak a tsakiyar kalma. Na saki, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na maimaita har na tabbata, sannan na rungumi akwatin na ja ƙafa sai ɗakin Kawu.

Na ce mashi na samo linzamin mutumin birni. In ya yi tambaya zan riƙe shi, ba zai motsa ba sai an sallame shi, ko da za a kai azahar. Sai dai maɓallin ya saki, ba ya zama da kansa, dole sai da yatsa a kai. Kawu ya juyo ya dube ni, na ga yana so, na ga kuma abin da ya tsaya mashi. Ya ce shi ba ya magana da wancan a gaban mutane. Na ce ai ni ba mutane ba ne, bawa ne, kuma zan juya baya in fuskanci bango, kurkunun ma ya hau ya toshe mani kunnuwa. Sharaɗina ɗaya, yatsana ba ya aiki sai na ga gindin kwanon Iya.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji Kawu.

"Shi ya sa Allah ya bar maka ni," na ce.

Ya shanye kunun nan har ya karkace kwano. Na juya baya, na danna.

Haka muka riƙa yi kowace safiya. Kada ku ɗauka aiki ne mai sauƙi. Da farko da na ji ya yi shiru sai in saki, sai in ji ya ce, riƙe shi. Ashe shirun tsoho yana cikin maganarsa, yakan tsaya ya nemo kalma can ƙasa kamar mai jan ruwa a rijiya mai zurfi. Ga ni da amsa tana yi mani ƙaiƙayi a baki, ga wurare masu kyau na tsokana suna wucewa ina kallo, ba halin in tanka. Wallahi naɗe kurkunu ya fi mani sauƙi. A hankali na koyi bambanta shirun da ke nufin na gama da wanda ke nufin dakata. Na ji abubuwan da ban taɓa zaton suna cikin mutumin nan ba: ranar da aka haifi yaron ya fita daji don kada a ga farin cikinsa, da yadda ya bi shi a ɓoye har bakin hanya ranar da zai tafi Ikko, ya tsaya bayan wata aduwa har motar ta ɓace.

Yakan ce in kashe da an gama gaisuwa, don jerin mutanen nan yawancinsu sun tashi ko sun rasu. Wata safiya bai ce ba. Kaset ya yi ta tafiya har ya kai inda taubashina ke cewa a gaida bawansa mai bakin da ba ya rufuwa. Sai na ji Kawu ya ce, riƙe shi. Na riƙe.

"Bawanka yana nan," in ji shi. "Ƙafarshi ta ƙi, takalmanshi sun tahi Tasawa ba su komo ba. Kowa ya watse, shi yana nan. Bakin ma ya koyi rufuwa. In Allah ya maido ka, kada in ƙara jin ka ce mashi bawa."

Ina fuskantar bango, yatsana bisa maɓalli. Ranar na gode wa Allah da na juya baya, ba wanda ya ga fuskata.

Kawu ya ga ruwan da ya biyo baya. Ya fita da sandarsa ya tsaya cikinsa har rigarsa ta manne, da safe kuma ya ba wancan labari tun daga hadarin farko. Ya ci sabon gero. Bayan an ɗaure amfanin gona ya kwanta, bai tashi ba, iyaka kuwa ba a buɗe ta ba sai daga baya. Da taubashina ya iso, ya gama kukansa, na miƙa mashi manyeton. Ya jujjuya shi ya tambaye ni ko tsohon ya bar mashi wata magana a ciki. Sai a lokacin na lura, duk safiyoyin nan ba wanda ya yi tunanin danna jan maɓalli a ɗauki muryar Kawu. Akwatin bai riƙe ko tarinsa ba. Na ce mashi ya samu wuri ya zauna, maganar tana nan amma ba a cikin kaset take ba. Na fara mashi daga rijiya. Bai katse ni ba ko sau ɗaya, ni kuma, karo na farko a rayuwata, na ba da labari ban ƙara mashi gishiri ba.

Abin da na koya, tambayar ina kwana ba wuya, ko akwati yana iyawa. Jiran amsar shi ne gaisuwar. Har yau ina nan da surutuna, ba a raba ni da shi ba, amma in na tsuguna gaban tsoho na tambaye shi yaya gida, nakan kame bakina in zauna. Sau da yawa lahiya lau ce ke fara fitowa, sai shiru, in ka yi haƙuri ka ƙi tashi, sai ka ji ainihin yadda gidan yake.